Yanar ido, zuma da kwalbar ƙarin lafiya: wanne za mu bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 64, gani ya fara yi mata hazo-hazo. An duba an ce yana ce, sai an yi aiki, amma tana tsoro. Wata mai tallar magungunan ƙarin lafiya ta kawo mana wani na ruwa mai tsada, ta ce ƙwayoyin bitamin na kemis ba sa narkewa a ciki, yadda suka shiga haka suke fita, nata kuwa kusan duka jini ke ɗauka, kuma zai wanke yanar cikin wata uku. Maƙwabciyarmu kuma ta ce a riƙa ɗiga zuma da ruwan albasa, a sa kwalli da dare. Wanne za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan kulawa. Zan fara da abin da ya fi gaggawa. Kada a ɗiga mata zuma, kada a ɗiga ruwan albasa, kuɗin kwalbar nan kuma ki riƙe abinki. Yanar ido ba ta da maganin sha ko na ɗigawa, a asibiti ko a gargajiya. Aiki kaɗai ke cire ta. Na san faɗin haka kawai ba zai wadace ki ba idan kin zauna gaban Hajiya da maƙwabciya, don haka bari in warware miki dalilan.

Mutane da yawa suna ɗauka yana wata 'yar fata ce da ta shimfiɗu a saman ido, wadda abu mai zafi zai iya goge ta. Ba a sama take ba. A cikin ƙwayar ido, bayan ɗigon baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garai-garai mai tattara haske, wanda da ruwa da furotin aka halicce shi. Idan shekaru suka ja, ko ciwon suga ya daɗe, ko an taɓa buguwa a ido, furotin ɗin sai ya dunƙule ya yi fari, kamar farin ƙwai da ya ji wuta. Dafaffen ƙwai kuwa ba ya komawa ɗanye. Babu bitamin ɗin da ke warware abin da ya riga ya dunƙule, ko da jini ya ɗauke shi duka. Abin da aka ɗiga daga waje kuma a saman ido yake yin aikinsa. Hawayen da albasa ke zubarwa ba datti ne ke fita ba, ido ne ke ƙoƙarin korar abin da ke ƙona shi.

Sai maganar narkewa. Wannan zance na cewa ƙwaya ba ta narkewa, na ruwa ne ke shiga jini, tsohon salon talla ne, an daɗe ana yin sa a Amurka kafin ya iso mana. Ƙwayar magani ta gaskiya an yi ta ne don ta farfashe a ruwan ciki cikin mintuna, kuma gwada saurin farfashewar na daga cikin gwaje-gwajen da ake yi wa magani kafin a sake shi kasuwa. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu sakin magani a hankali, cikin na hawan jini da na suga, waɗanda mutum kan ga ɓawonsu a bayan gida. Maganin ya riga ya fita ya shiga jiki, kwanson ne kawai ya wuce. Jabu kam yana iya ƙin narkewa, amma na ruwa ma ana yin jabunsa. Ki juya kwalbar matar nan ki karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. Yawancin irin waɗannan kaya, ko suna ɗauke da lambar NAFDAC, za ki ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Lambar tana nuna an duba cewa abin ba guba ba ne, ba ta nuna yana warkar da yana.

Da ƙwaya da ruwa, da zarar sun kai ƙaramin hanji, hukuncinsu ɗaya. Hanji ne ke yanke abin da zai shiga jini, kuma yana da nasa ƙa'idoji da ba ruwansu da farashin kwalba. Ɗauki bitamin C. Idan abin da mutum ya ci bai wuce yadda ake samu a abinci ba, jiki kan ɗauki kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. Idan ya haura giram ɗaya a rana, abin da ke shiga ba ya kai rabi, rarar da ta shiga ɗin ma ƙoda ta tace ta fitar. Fitsarin nan rawaya shar da mutum kan gani bayan ya sha bitamin B, wanda masu talla ke cewa alamar magani na aiki ce, rarar bitamin B2 ce ke fita.

Maganin ƙarin jini, wato sinadarin ƙarfe, ya fi kowanne wuyar sha'ani. Ɗan kaɗan jiki ke ɗauka, ya ƙara idan jinin mutum ya yi ƙasa, ya rage idan ya ƙoshi. Shayi babban abokin gabansa ne: mace mai juna biyu da ke haɗiyar ƙwayarta da kofin shayi da madara ta yi asarar kaso mai yawa. A sa tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu, a haɗa shi da lemu ko gwaba ko tumatir, sai ya fi shiga. Kalsiyam ma yana tare masa hanya, shi ya sa ba a shan su lokaci guda. Gero da dawa suna ɗauke da wani sinadari mai riƙe ƙarfe da zink ya hana hanji ɗauka, amma jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami, yadda iyayenmu ke yin kamu da koko, yana karya ƙarfin wannan sinadari. Wannan hikima ce ta gaske da ke cikin madafinmu, kuma ina jin takaicin yadda ake raina ta a ruga wa kwalba. Kanwa kuwa, idan ta yi yawa a miya, tana kashe bitamin C da wasu na rukunin B.

Bitamin A, D, E da K kuma sai da maiƙo suke shiga jini. Wanda ya sha su da ruwa a kan yunwa ya rage amfaninsu. Karas ɗin da aka dafa cikin miya mai mai ya fi ɗanye ba jiki abin da ake nema. Sai dai waɗannan ba sa fita a fitsari yadda C ke fita, taruwa suke yi a hanta da kitse, don haka yawansu na iya zama cuta.

A kan bitamin A ne masu cewa abinci na gyara ido suke da gaskiya, kuma gaskiya ce babba. Rashinsa ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi. Idan abin ya yi nisa farin ido ya bushe, gilashin gaban ido ya yi laushi ya ɓule, musamman ga yaron da ƙyanda ta kama a kan rashin abinci. Da yawa cikin makafin da suka makance tun suna ƙanana a yankinmu, ta wannan hanya suka rasa idonsu. Tun zamanin Misirawan dā ake maganin dundumi da hanta, kuma yana aiki, domin hanta ce rumbun bitamin A. Manja, ƙwai, zogale, alayyahu, kabewa, mangwaro, gwanda da dankalin Hausa mai jan ciki duk suna bayarwa. Ɗigon nan da ake matsa wa yara a baki sau biyu a shekara, a makon lafiyar mata da ƙananan yara, shi ne wannan bitamin: shuɗin ƙwanso ma'auni 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11, jan ƙwanso 200,000 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar. Kyauta ake ba shi, kuma ya ceci idanu da rayuka masu ɗimbin yawa. Amma ki lura, yana maganin rashi ne. Wanda ba shi da rashin, ƙari ba zai ƙara masa gani ba, kuma mai juna biyu da ta sha mai ƙarfi irin wannan tana iya cutar da abin da ke cikinta.

Akwai haɗin bitamin guda ɗaya da babban bincike ya tabbatar yana taimakon idon tsofaffi, kuma da sunansa masu talla ke fakewa. Cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon binciken AREDS a 2001, da na biyunsa a 2013. Haɗin ya ƙunshi bitamin C da E, zink, ɗan sinadarin tagulla, da wasu sinadarai biyu na ganye, lutin da ziyazantin, waɗanda aka ƙara a zagaye na biyu. Ya rage haɗarin tsanantar wata cuta da kusan kashi 25 cikin ɗari. Cutar ita ce lalacewar tsakiyar labulen bayan ido saboda tsufa, wadda ta fi damun Turawa, kuma ga waɗanda cutar ta riga ta kai aƙalla matsakaicin mataki kaɗai ya yi amfani. Binciken ya duba yana ma, bai ga haɗin ya hana ta ba. A zagaye na biyu har cire wani sinadari aka yi, bita-karotin, saboda yana ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan taba. An sa tagulla a ciki ne kuma domin zink mai yawa yana hana jiki ɗaukar ta. Kin ga ke nan ko abin da ake kira na halitta yana da ma'auni da sharaɗi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarki shi ne ɗigawar. Abin da aka sha ta baki akwai ruwan ciki mai kashe ƙwayoyin cuta, akwai hanta mai tacewa. Ido ba shi da waɗannan masu gadi. Gilashin gabansa kaurinsa kusan rabin milimita ne, babu jijiyar jini a cikinsa, kuma duk miki mai zurfi da ya samu da tabo yake warkewa. Wannan tabo shi ne hakiya. Yana ana cire ta a gani, hakiya mai kauri kuwa sai dashen gilashin ido, wanda ba kowa ke samu ba a ƙasarmu. Mai ɗiga wa yana albasa yana cacar cuta mai magani da cuta mai wuyar magani.

Zuma abinci ce mai albarka, Suratun Nahli ta ambace ta da abin sha mai waraka ga mutane, ni ma ina sha. Amma wadda ke kasuwa ba tsarkakakka ba ce daga ƙwayoyin cuta, wata ma an gauraya ta da narkakken sukari. Akwai ƙasashen da ake sarrafa zuma a masana'anta, a kashe ƙwayoyin cikinta, a yi maganin bushewar ido da kumburin fatar ido. Ko wannan ba ya taɓa yana.

A ɗakin duba marasa lafiya, lokacin kaka ne muka fi ganin ɓarnar. Manomi ganyen dawa ko ƙaiƙayi ya karce masa ido, a matsa masa ruwan ganye, a bar shi kwana da kwanaki, sai ya zo da farin miki wanda fangas, ƙwayar cuta dangin funfuna, ya riga ya kama. Wasu kan ɗiga fitsari, nasu ko na yaro ko na saniya. Idan mai fitsarin na ɗauke da ciwon sanyi na gonoriya, ƙwayar tana iya huda ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Jaririn da idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya a makonnin farko, sau da yawa wannan ƙwaya ce ya ɗauka wajen haihuwa, allura yake buƙata a ranar, kuma duk kwanan da aka yi ana ɗiga masa nonon uwa kwana ne da ake ba cutar. Lokacin afolo kuwa, wanda annobarsa ta fara bayyana a Gana a 1969, har ruwan batir da ruwan sukari da fetur mutane ke sawa. Bairos ne ke kawo shi, yana tafiya da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Mafi yawan idanun da ke mutuwa a lokacinsa, maganin da aka sa ne ya kashe su.

Kada kuma ki ɗauka na kemis duk lafiya lau ne. Ɗigon da ke ɗauke da sitiroyid, irin dezametazon da betametazon, yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son sa. Iyaye kan saya wa yaran nan masu jan ido da yawan sosawa, su yi wata da watanni suna ɗigawa. Yana iya ɗaga matsin ruwan ido ya kashe jijiyar gani, yana kawo yana da kansa, yana kuma hura wutar mikin fangas. Idan akwai irinsa a gidanku ba da umarnin likitan ido ba, a kai shi a nuna.

Kwalli magana ce mai buƙatar natsuwa, domin akwai sunna a ciki, kuma hadisi ya zo da yabon wani nau'insa da ake kira ismid. Matsalar ita ce baƙin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa ana sayarwa a kasuwanninmu, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna tozalin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Yaro yana goge ido ya kai hannu baki, hawaye kuma na gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, mun san dalma ba abin wasa ba ce, ko da yake can daga niƙan dutsen zinariya ta fito. Ga babba kamar Hajiya haɗarin ya fi sauƙi, amma kwalli ba zai rage yanarta ba, ba a sa shi daf da aiki ko bayan aiki, kuma mucciya ɗaya da gida duka ke amfani da ita hanya ce ta yaɗa ciwon ido. Jarirai kam ina roƙo a daina sa musu.

Duk da haka gida yana da nasa magunguna na gaske. Babbansu ruwa mai tsabta. Idan siminti, ko farar ƙasa, ko ruwan batir, ko maganin feshi, ko tofin kumurci ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20 kafin ma a nemi abin hawa. Wannan wankin ya fi duk abin da za mu yi daga baya tasiri. Hazbiya, a riƙa gasa ta da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ido a rufe, kada a matse. Ƙaiƙayin ƙura da hunturu, tsumma mai sanyi a kan rufaffen ido. Kwantsa a goge ta da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce. Wanke fuskar yara kullum kuwa na daga cikin manyan makaman yaƙi da amosanin ido. Amma ciwo mai tsanani, ko gani ya ragu kwatsam, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, ko ido ya kasa jure haske, ko rauni, waɗannan na asibiti ne a ranar.

Mu dawo kan tsoron Hajiya, domin shi ne ainihin abin da ya buɗe wa mai kwalba ƙofa. Tsoro ne mai dalili. Tsofaffinmu sun ga mutanen da aka taɓa musu ido suka makance, sai dai sau da yawa ba aikin asibiti ba ne. Masu aikin ido na gargajiya ne da ke yawo ƙauyuka, suna soka tsinke su ture madubin ya faɗa can cikin ido. Haske kan shigo a ranar, kowa ya yi murna, kafin kumburi ko hawan matsin ido ya biyo baya mai aikin ya bar gari. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano yana ce ke da kusan kashi 43 cikin ɗari na makanta ga 'yan shekara 40 zuwa sama, ya kuma gano kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, kuma mafi yawansu a makance suka ƙare.

Aikin asibiti daban ne. Ba a ciro ƙwayar ido waje, kamar yadda ake ta faɗa. Ido kaɗai ake kashe wa zafi, mutum na farke, a yi 'yar ƙaramar ƙofa a fitar da madubin da ya yi fari, a sa na roba garai-garai a gurbinsa. Galibi ba ya wuce rabin awa, washegari a cire bandeji. Ba sai an jira ta nuna har Hajiya ta daina gani ba. Da zarar ta fara hana ta karatun Alƙur'ani ko gane fuskar jikoki, lokaci ya yi, kuma yanar da aka bari ta wuce nuna tana iya ɗaga matsin ido ta kawo ciwo mai tsanani. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa, duk wannan aiki ne da suke yi yau da kullum. Idan da wata tsararta a dangi ko a unguwa da aka yi wa aikin ta warke, ki kawo ta su yi hira. Maganarta za ta fi tawa da taki shiga.

Ranar da za ku koma asibiti, ki tattara duk abin da Hajiya ke sha ko ɗigawa, har da na gargajiya da kwalbar nan idan an riga an buɗe, ki nuna wa likita, domin wasu kayan ƙarin lafiya suna tsinka jini. Ki roƙa a auna matsin idonta a kuma leƙa jijiyar gani, saboda gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, kan ɓuya a bayan yana, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa ko an yi aiki. A auna suga da hawan jini, a daidaita su kafin ranar. Ki tambaya ko za a auna idon don zaɓar ƙarfin madubin robar da ya dace da ita. Kuɗin da kika yi niyyar ba mai kwalba ki ajiye su don aikin da ɗigon da za a rubuta bayansa. Allah ya sa a yi a sa'a.